Ɗanmu na Arewacin Saifurus, Kada Ka Tsallaka Layin Nan

Wani ɗalibi ɗan Tudun Wadar Kaduna ya rubuto mini daga Famagusta, wani gari a arewacin tsibirin Saifurus. Fasfonsa saura wata biyar ya ƙare, aikin da ejan ya yi masa alkawari shiru, abokai kuma suna zuga shi ya tsallaka kudancin tsibirin ya nemi mafaka, wai can ne Turai. Fili mahaifinsa ya sayar a Rigasa ya tura shi, don haka kunyar faɗa masa yake ji.

Ɗana, fara da sanin inda kake tsaye. Tun 1974 da sojojin Turkiyya suka shiga tsibirin ya rabu biyu. A 1983 arewa ta ayyana kanta ƙasa, kuma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Shi ya sa lirar Turkiyya ce a aljihunka, shi ya sa jirgin da ya sauke ka a filin jirgin sama na Ercan sai da ya bi ta Turkiyya. Kudu ce ta shiga Tarayyar Turai a 2004, dokokin Tarayyar kuwa ba sa aiki inda kake. Ejan ya san wannan sarai lokacin da yake ƙirga kuɗin Baba.

Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a wurinku. Maganar fasfo sai ofishin jakadancinmu da ke Ankara, babban birnin Turkiyya, kuma takardar zamanka ta ɗalibi ba ta ba ka izinin shiga Turkiyya ba, biza daban ce. Wata biyar ba lokaci ba ne mai yawa. Fara nema a makon nan, ka tuntuɓi ƙungiyar ɗaliban Nijeriya ta makarantarku kan yadda na gabanka suka yi. Takardar zama kuma kada ka bari ta mutu, tara ce ke taruwa a kanka.

Batun tsallakawa, ban yarda ba ko kaɗan. Gwamnatin kudu tana ɗaukar wanda ya shigo ta Ercan a matsayin wanda ya shigo ta ɓarauniyar hanya. Masu neman mafaka sansanin Pournara ake kai su, jira ya yi tsawo, kuma ɗan Nijeriya da wuya a amsa masa. Karatu ya tafi, Turai ba ta samu ba. Wannan ke ci mini rai, don ko a 2020 NiDCOM, hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje, ta ja kunnen iyaye kan tura 'ya'ya Arewacin Saifurus, amma har gobe ejan-ejan suna yawo a Kaduna da hotunan bakin teku.

Kira Baba ranar Juma'a bayan masallaci, ka faɗa masa komai. Idan nauyin baki ya hana ka, fara da Mama ko kawunka. Sannan ka roƙi wani ya je Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ya tabbatar ana karɓar shaidar makarantarku, don sai sun tantance ta za ka yi bautar ƙasa. In ana karɓa, daure ka gama. In ba a karɓa, dawo gida tun fasfonka na da rai. Allah Ya yi maka jagora.