Mabul ko Giranet? Ki Matsa Lemun Tsami Kafin Ki Biya

Wata uwargida daga Kaduna ta rubuto ta ce: "Mun kusa gama gini. Na ga farin mabul ya shiga raina, ina so a ɗora mini shi a kantar kicin, amma mai aikina ya ce giranet ya fi. Mai sayarwa kuwa ya ce mabul dutse ne da wuta ta gasa a ƙarƙashin ƙasa, ba abin da zai same shi. Maganar wa zan bi?"

Hajiya, ki bi maganar mai aikinki. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba a kan batun wuta, sai dai ya ɗora wa wutar aikin da ba ta yi ba.

Asalin mabul dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi. Akan samu narkakken dutse ya taso daga can ƙasa, zafinsa ya kai digiri 700 ko fiye, ya kutsa cikin tsofaffin duwatsu ya tsaya nan, yana hucewa a hankali shekaru dubbai. Ki duba ƙasar gindin murhun da aka daɗe ana girki a kai: wadda ke jikin wuta ta yi ja ta ƙanƙare, taku ɗaya baya ta ɗan sauya launi kawai, can gaba kuwa tana nan yadda take. Haka duwatsun da ke maƙwabtaka da narkakken dutse suke gasuwa, wani wuri kamu ɗaya, wani wuri kilomita biyu ko fiye. Ba sa narkewa. Ƙwayoyinsu ne ke sake tsari su girma su sarƙe da juna, shi ya sa ɓallin mabul ke ƙyalli kamar sukari. Zafi da dannewar da dutse ke sha idan ya nutse can cikin ƙasa su ma suna yin wannan aiki, kuma ta haka aka samu mabul ɗin Jakura a Kogi, da Igbeti a Oyo, da Okpella a Edo.

To amma gashi bai sauya sinadarin dutsen ba, wato kalsait. Kalsait ya shiga wuta, kalsait ya fito, shi kuwa ba ya jure tsami. Yanzu ki lissafa abin da ke taɓa kantar kicinki a yini guda: lemun tsami, tumatir, ruwan tsamiyar kunu, zoɓo, nono. Kowanne ya kwanta a kan mabul sai ya cinye sheƙin wurin, ya bar dusasshen tabo wanda sabulu ba ya fiddawa, sai an sake goge dutsen da inji. Ko Taj Mahal na Indiya, da aka gina da farin mabul na Makrana, hayaƙi mai tsami ya dame shi har kotun ƙolin ƙasar ta umarci masana'antun kewayensa a 1996 su daina ƙona kwal ko su tashi. Ga kuma laushi: a ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, kalsait na hawa na 3, wuƙar kicin kuwa ta haura 5. Giranet shi ne narkakken dutsen da kansa bayan ya huce, ƙwayoyinsa na hawa na 6 da na 7, tsamin girki bai dame shi ba.

Ba ina hana ki mabul ba ne, ni ma ina son sa. Ki sa shi a bangon falo ko teburin ado, inda ruwan tsami ba ya zuwa. Idan kuma farin ne kike so a kicin, ki tambayi kwazayit. Shi yashi ne da ya daskare ya zama dutse, sannan zafi ya haɗe ƙwayoyinsa, ya kai hawa na 7. Sai dai akan sayar da mabul da sunansa, don haka kada ki je kasuwa hannu rabbana. Ki tafi da lemun tsami da wuƙa, ki roƙi ɗan ɓalli. Ki matsa lemun a gefen da aka goge, ki bari ya yi minti goma, ki share, ki karkata shi wajen haske. In sheƙin ya mutu, mabul ne. In bakin wuƙa ya karce shi, mabul ne. Wanda ya hana ki gwadawa a kan ɓalli, ki wuce shago na gaba.

Wani magidanci daga Abuja ya ce: "Na biya kuɗin giranet na matakala, aka kawo mini dutse mai ratsin fari da baƙi kamar saƙi. An cuce ni?"

Malam, kwantar da hankalinka. Mai yiwuwa abin da aka kawo maka shi ne wanda masana ke kira nais, 'yan kasuwa kuwa duk giranet suke ce masa. Ratsin aikin dannewa ne. Kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce manyan sassan ƙasa sun yi karo a wannan yanki namu, duwatsu suka sha matsa da zafi har fararen ƙwayoyi suka ware layinsu, baƙaƙe suka ware nasu. Irinsa ya cika arewacin Najeriya, kuma wajen tauri bai bar wa giranet komai ba. Abu ɗaya za ka duba: baƙin ratsin. In ka kankare shi da farce ko ƙusa ka ga yana ɓarewa fale-fale yana walƙiya, wurin nan ne zai fara tsagewa, musamman a bakin matakala inda ƙafa ke duka. Irin wannan ka mayar a canza maka. In ratsin a haɗe yake gam, ka sa a ɗora.

Ga kuma mai gini daga Zariya da ke tambayar wace tsakuwa zai saya don zuba dakin, wato rufin kankare, tunda an yi masa tayin wata mai araha amma falan-falan ce.

Ka bar ta, ko da rabin kuɗi ce. Dutsen da matsa ta jera ƙwayoyinsa gefe guda haka yake fashewa, fale-fale, kuma irin wannan tsakuwa ba ta zama da kyau cikin kankare: tana barin ramuka a ƙarƙashinta, tana cin siminti da ruwa, tana karyewa in nauyi ya hau. Kafin tifa ta juye, ka ɗebi cikin hannu ka duba. Kana neman mai kusurwoyi, wadda tsawonta da faɗinta da kaurinta suka yi kusan ɗaya, ba ƙura a jikinta, in ka buga biyu su yi ƙara ƙwal. In falan-falan suka fi yawa a tafin hannunka, kada a sauke.