Tambayi Likita: "Sun ce daji ba ya son ƙarfe"

Tambaya: Likita wai allurar HPV da ake yi wa yara mata tana hana haihuwa? Uba daga Misau.

Amsa: Ba ta hanawa Malam, rigakafi ce ta HPV, ƙwayar cutar da ke kawo yawancin dajin bakin mahaifa. A Oktoban 2023 aka fara yinta kyauta ga 'yan shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya ce kawai. Ka kai 'yarka.

Tambaya: Shekara uku da daina al'ada, yanzu ina ganin jini kaɗan-kaɗan. Daga Azare.

Amsa: Hajiya wannan ba al'ada ba ce. A je asibiti cikin satin nan.

Tambaya: Yayata ruwa ke ta zubo mata wata biyar, gwajin HPV ya nuna babu komai amma likita ya ce sai an ɗebi naman bakin mahaifa an kai lab. Dangi sun hana, wai daji ba ya son ƙarfe, ana ta mata matsi da kanwa da bagaruwa.

Amsa: Innalillahi, kanwa kuma? 'Yar'uwa a daina yau ɗin nan, ƙona wajen take yi, ta ƙara ciwo kan ciwo.

Ban ce daji ba ne, ban duba ta ba. Amma likitan nata ya yi daidai. Yawancin dajin bakin mahaifa HPV ke kawo shi, nau'i na 16 da 18 kaɗai kusan kashi 70 cikin ɗari ne, sai dai akwai wani da ba a cika gani ba wanda babu ruwansa da HPV, in aka sa shi a madubin likita sai ka ga ƙwayoyinsa kamar na tumbi, kuma can ciki yake ɓuya, gwaji ya ce lafiya lau, mace na ta zubar ruwa ana cewa sanyi ne. A 2020 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta raba su gida biyu, mai HPV da mara shi.

Naman da za a ɗiba bai kai ƙwayar wake ba. A lab ake yanka shi siriri a rina, akwai rinin da ake kira p16, in ya kama sosai galibi HPV ne, shi kuwa wancan bai cika kamawa ba. Da wannan ake sanin aiki za a yi ko gashi da na'ura ko kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji. Ɗibar nan ba ta yaɗa daji wallahi, watannin da ake ɓatawa a gida su ke ba shi damar yaɗuwa.

Ki samu mijinta da babban wanku ku zauna, ku kai ta asibitin koyarwa na nan Bauchi ko na Gombe. Ku tafi da duk takardun gwajin, kuma ku faɗa wa likita gaskiyar abin da aka cusa mata. Kar a jira bayan sallah don Allah.