Na cilla shi sama ya faɗo: ni na kashe tsuntsun nan?

Tambaya

Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibi ne daga Maraɗi, ina karatu a garin Tampon da ke tsibirin Reyuniyon, wani yankin ƙasar Faransa a cikin tekun Indiya. Daren Talatar da ta wuce, bayan isha'i, na tsinci wani tsuntsu zaune a ƙasa kusa da fitilun filin ƙwallo. Ya ɗan fi tattabara girma, bayansa ruwan toka, cikinsa fari, ƙafafunsa irin na agwagwa. Ban ga jini a jikinsa ba. Wani maƙwabci ya ce in cilla shi sama zai tafi. Na cilla sau biyu, yana faɗowa. Sai na kai shi ɗaki, na ɗura masa ruwa da sirinji, na ba shi kifin gwangwani. Da asuba na tarar ya mutu. Daga baya aka ce mini yana cikin tsuntsayen da ke neman ƙarewa a duniya. Tun ranar ban samu sukuni ba. Ni na kashe shi? Da na bar shi a wurin, zai tashi da kansa?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Zan gaya maka gaskiya, domin na ga ita kake nema. Mai yiwuwa ne cillawar ko ɗurar ta gaggauta mutuwarsa. Amma da ka bar shi a wurin ma ba zai tashi ba, kafin rana ta yi tsaka kyanwa ko kare ko tayar mota za ta same shi. Tsayawar da ka yi ka ɗauke shi daidai ce. Abin da ya ɓata aikin shawarar da aka ba ka ce, kuma a kanta zan daɗe, don ta ishe ni.

Yadda ka siffanta shi, da lokacin da abin ya faru, wato Afrilu, duk suna nuna ɗan tsuntsun Baro ne. Faransawa na rubuta sunan Barau, amma Baro ake furtawa, sunan Armand Barau ne, wani masanin aikin gona na tsibirin, kuma sai a 1964 masana suka shigar da tsuntsun cikin littafi. Mutanen gari na ce masa taille-vent, wato mai yanka iska. Tsuntsun teku ne, amma ba ya yin ƙwai a gaɓa. Yana haƙa rami can a ƙwanƙolin duwatsun Piton des Neiges da Grand Bénare, sama da mita 2,000 daga saman teku, inda sanyi ke ratsa ƙashi. Ƙwai ɗaya tak yake yi a shekara, wajen Nuwamba, kuma idan ya lalace ba ya sake wani sai baɗi. Iyayen na kai-kawo tsakanin teku da dutse wata da watanni suna ciyar da ɗan, daga ƙarshe su daina zuwa. Ɗan ya zauna shi kaɗai a cikin rami yana ƙona kitsen jikinsa, sannan wani dare ya fito bakin dutse ya faɗa cikin iska. Bai taɓa tashi ba kafin wannan daren, bai taɓa ganin teku ba, babu uwa a gabansa. Tsakaninsa da ruwa kuwa akwai garuruwan da suka kewaye tsibirin, mai mutum sama da dubu 800, kowane gari da fitilunsa. Hasken ya ruɗe shi, ya yi ta kewaya fitila har ya gaji ko ya bugi waya ko bango, ya sauko. Abin ya fi muni a daren duhun wata da daren da hazo ya sauko. Idan tashin ya dace da farin wata, waɗanda ke faɗowa sun fi ƙaranci. Wanda ka tsinta a wannan tafiya ta farko yake.

To, mu dawo kan cillawa. Afrilu biyu na yi ina taya masu ceton tsuntsayen nan aiki a tsibirin, kuma babu ranar da ba mu ji wannan magana ba: tsuntsu ne, a jefa shi sama ya kama gabansa. Har yau ana turo mini bidiyo daga Facebook da WhatsApp, mutum ya tsaya a bakin titi ya wurga tsuntsu sama, jama'a na tafi, a yanke bidiyon kafin a nuna inda ya faɗi. Na san inda tunanin ya samo asali. Duk wanda ya yi kiwon tattabara a gida ya san in ka cilla ta sama za ta kaɗa fiffike ta wuce. Amma tattabara tana da gajerun fukafukai da tsokar ƙirji mai kauri, daga tsaye take tashi. Shi wannan an gina shi ne don ya hau iska a kan raƙuman ruwa. Nauyinsa bai wuce giram 400 da 'yan kai ba, fukafukansa in an buɗe sun kusa mita ɗaya, dogaye ne sirara kamar wuƙa. Irin wannan fiffike sai da gudu yake ɗaukar jiki, ko dai ya faɗo daga tudu mai tsawo, ko iskar teku ta buge shi ta gaba. Ƙafafunsa can baya suke, sun dace da iyo da haƙa rami, a kan kwalta da ƙyar yake jan jiki. Idan ka taɓa ganin tsattsewa ta faɗo tsakar gida tana ta fafutuka ta kasa tashi, ka ga kwatankwacin abin. Mita biyu ko uku da hannunka zai ba shi ba su ishe shi ya kama iska ba, abin da suke yi kawai su ƙara masa tsawon faɗuwa.

Kuma a kan me yake faɗowa? A kan ƙirji. Na taɓa buɗe gawar wani da aka kawo mana, wanda yara suka yi ta cillawa da kyakkyawar niyya. A waje babu ko ɗigon jini, gashinsa sumul. A ciki ƙashin kafaɗa ya karye, jini ya taru a kusa da huhu. Shi ya sa maganar ban ga jini ba ba ta nufin komai. Tsuntsun da ya bugi fitila sau da yawa kansa ya riga ya bugu, jiri yake ji, hutu cikin duhu yake bukata. Mai cillawa ba ya da hanyar sanin wannan.

A ce ma an yi sa'a ya kama iska. Ina zai je? Dare ne, fitilar da ta jawo shi tana nan a kunne, da wasu ɗari a bayanta. Zai sake kewayawa ya sake faɗowa, wannan karon a bayan katanga ko cikin gonar rake ko kan rufin da babu mai gani. Mai cillawa ya tafi gida yana murna ya ceci rai, alhali ya ɗauke tsuntsun ne daga inda za a iya tsintar sa ya kai shi inda ba za a tsince shi ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin irin wannan mutuwar ba ta shiga lissafin kowa, kuma mutumin gobe zai ba wani shawarar da ƙarfin gwiwa, yana cewa ai ni na gwada ya yi.

Akwai masu wayo kaɗan da ke cewa to mu kai shi bakin teku mu saka a ruwa. Shi ma kada a yi. Gashin tsuntsun nan shi ne rigar ruwansa. Idan ya gogi man mota a titi, ko hannu mai maiƙo ya yi ta shafa shi, ko har yanzu da sauran gashin jarirai mai kama da auduga a cikinsa, ruwa zai ratsa shi har fata, sanyi ya kama shi, ya nutse a gaban idonka. Masu ceto kafin su saki tsuntsu sai sun auna shi a sikeli, sun taɓa ƙashin fiffike gaɓa-gaɓa, sun duba ido da gashi, sun sa masa zobe mai lamba a ƙafa. Sannan a kai shi kan tudun da ke fuskantar teku da rana, lokacin da fitilu ba su da tasiri, a ɗaga shi a tafin hannu yana kallon iska. Zai ɗan tsaya, ya girgiza jiki, ya buɗe fukafukan nan biyu, sai ka ji nauyinsa ya bar hannunka. Shi yake tafiya, babu mai jefa shi. Mafi yawan waɗanda aka kawo da wuri kuma ba a wahalar da su ba, haka suke tafiya cikin kwana ɗaya.

Batun ruwa da kifi gajere ne. Ƙofar numfashin tsuntsu a gindin harshe take, ruwan sirinji cikin sauƙi yake zarcewa huhu, musamman ga wanda ke haki don tsoro. Kifin gwangwani kuma da mai da gishiri da kayan haɗi, man ya ɓata masa gashi, cikinsa bai san shi ba. Ɗan da ya baro rami yana ɗauke da guzurinsa a jiki, dare ɗaya babu ci babu sha ba zai yi masa komai ba.

Abin yi kaɗan ne ƙwarai. Ka rufa masa tawul ko riga, ka haɗe fukafukan a jikinsa, ka kula da bakin don yana da ƙugiya kuma yana cizo. Ka sa shi a kwali mai 'yan huji, ka rufe, ka ajiye a wuri mai shiru inda babu zafi, nesa da yara da kyanwa. Kada a sa shi a keji, wayar keji na karya gashin fiffike. Ka rubuta a jikin kwalin inda ka tsince shi da lokacin. Sai ka kira ƙungiyar SEOR, wadda ke kula da ceton tsuntsayen tsibirin, za su gaya maka wurin ajiya mafi kusa, galibi ofishin 'yan kwana-kwana ko asibitin dabbobi ko wajen jandarma. Ka wanke hannu da sabulu. Dokar Faransa ta hana kashe shi ko ajiye shi a gida, amma kai shi wajen masu ceto shi ne abin da hukuma da kanta ke roƙon jama'a su yi, saboda haka ka cire tsoron da baƙo kan ji na shiga ofishin jandarma.

Kada ka ɗauka nauyin duk a wuyanka yake. Tsuntsun nan ba ya faɗowa sai an kunna masa fitila. An san watan da 'ya'yan ke tashi, an san kwanakin duhun wata tun shekara ba ta kama ba, kuma shekara da shekaru ana shirya dararen kashe fitilu a tsibirin a watan Afrilu. Duk da haka na taɓa zuwa ofishin wani magajin gari sau uku a kan fitilun filin wasa guda ɗaya da ke ci har tsakar dare babu kowa a ciki. Aka ce sai na rubuto takarda, na rubuto, aka ce mai sa hannu yana hutu, da ya dawo aka ce makunnin a hannun wani sashe yake. Kafin a gama zagayen nan lokacin tashi ya wuce, mu kuma mun kwashe abin da muka kwashe a gindin fitilun. Ba a ce a bar gari cikin duhu ba. A kashe abin da ba a amfani da shi na 'yan makonni, a sunkuyar da kan fitila ƙasa, a bar farin haske mai kaifi a koma mai ruwan ɗorawa. A can saman dutse kuma kyanwoyin da suka koma daji da ɓeraye na cin ƙwai da 'ya'ya har da iyaye, kuma ragowar abincin da masu hawan dutse ke zubarwa shi ke riƙe su a wurin. Mutuwar babba ɗaya ta fi ta ɗa ciwo, domin tsuntsun nan sai ya shekara da dama a teku kafin ya fara ƙwai, yana tafiyar dubban kilomita zuwa gabashin tekun Indiya yana dawowa. Tarayyar Turai ta ba da kuɗin wani shiri daga 2014 zuwa 2020 don kare shi tare da ɗan'uwansa baƙin tsuntsun Bourbon (tsohon sunan tsibirin ke nan), wanda ya fi shi ƙaranci nesa ba kusa ba, har sai a 2016 aka fara gano ramukansa.

Ka ce ba ka samu sukuni ba. Ni wannan damuwar ban so ta bar ka gaba ɗaya, ina so ta zama aiki. Allah Ya gaya mana a cikin Suratul An'am cewa babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummomi ne irinmu. Wannan al'umma ce guda, kusan duk duniya dutsen da kake hangowa daga tagar ɗakinka shi ne gidanta. Ka nemi gafarar abin da ka yi cikin rashin sani, Allah Ya san niyyarka. Sannan ka koma wajen maƙwabcin nan, cikin ladabi, ka gaya masa yadda abin ya ƙare, domin shi har yanzu yana ganin shawararsa daidai ce. Ka faɗa wa 'yan'uwa ɗalibai a masallaci da zauren WhatsApp ɗinku. Wanda ya mutun ma ka kira SEOR ka ba su rana da wurin da ka tsince shi, da irin waɗannan bayanai ake zuwa a matsa wa masu riƙe da makunnin fitilar. Kuma ka nemi kwali biyu ka huda su yau, ka ajiye a bakin ƙofa tare da tsohon tawul, ka riƙa bi ta gefen filin ƙwallon nan bayan isha'i da bayan asuba har farkon Mayu, kana leƙa ƙarƙashin motoci da gindin katanga, don nan suke rarrafawa su ɓuya.