Haɗa maganin asibiti da na gargajiya: abin da na gani

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce yana shan maganin hawan jini da na sukari, kwanan nan likita ya ƙara masa na hana daskarewar jini, ga ciwon baya da rashin barci, shi ne dangi suka matsa a haɗa masa da jiƙo da tausa, kina tambaya ko akwai illa. Ni ma na daɗe ina fama da hawan jini, kuma na yi jinyar mahaifiyata shekaru tana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, don haka bari in faɗa miki abin da na gani.

Ana iya haɗawa, amma ki raba abin gida biyu: abin da za a yi wa jiki daga waje, da abin da za a haɗiya. Na farkon ba shi da tashin hankali sosai. Tafiya a ƙasa kullum, miƙe gaɓoɓi, gasa baya da ruwan ɗumi, tausa mai sauƙi, zama a natsu ana jan numfashi a hankali kafin barci, duk waɗannan likitoci da kansu suna yarda da su. Tun 2017 ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ba da shawarar cewa mai ciwon ƙugu ya fara da irin waɗannan, har da allurar Sin da ake tsira wa a fata, kafin a kai ga ƙwayoyi. Sai dai tunda Baba na shan maganin da ke tsinka jini, a guji tausa mai ƙarfi da duk abin da zai fasa fata, domin jini zai iya taruwa ko ya ƙi tsayawa. Kuma mai ciwon sukari ƙafarsa ba ta cika jin zafi ba, a riƙa gwada ruwan da hannu tukuna.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin haɗiya. Mutane na cewa ai ganye ne, ba ya cutarwa. To in yana da ƙarfin warkarwa, yana da ƙarfin cutarwa. Metformin ɗin da yawancin masu sukari ke sha asalinsa daga bincike kan wani tsiro aka kai gare shi, haka ma artemisinin na zazzaɓin cizon sauro, wanda Tu Youyou ta Sin ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015. Bambancin kawai shi ne na asibiti an auna, an san miligiram nawa ke cikin kowace ƙwaya. Jiƙo kuwa na yau daban, na gobe daban, ya danganta da yawan saiwar da aka zuba da daɗewar da ta yi a ruwa.

Ga kuma karon da suke yi da juna. Hanta ce ke sarrafa yawancin magunguna. Akwai ganyen da ake sayarwa don damuwa, St John's wort, yana sa hanta ta yi saurin ƙone magani, sai warfarin ya rage aiki, haka ƙwayar tazarar haihuwa da wasu magungunan ƙanjamau. Ginkgo kuma yana iya ƙara zubar jini ga mai shan warfarin. Jiƙon da ke sauke sukari da gaske, in ya haɗu da maganin asibiti, yana iya sauke shi fiye da kima, mutum ya yi ta gumi da rawar jiki har ya suma. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata da dama ƙodarsu ta lalace saboda haɗin ganyen rage ƙiba da aka samu tsiron Aristolochia a ciki. A Turai fa, kuma a asibitin rage ƙiba aka ba su.

Abin da ya fi taimaka mana da mahaifiyata abu ne mai sauƙi. Ranar ganin likita nakan kwashe duk abin da take sha in zuba a jaka ɗaya, har kwalaben da masu zuwa dubiya suka kawo, in juye a kan tebur. Wata rana mai harhaɗa magani ya ɗauki wata kwalba, ya juya ta gaba da baya, ba sunan abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, sai jerin cututtuka goma sha da wai tana warkarwa. Ya tura ta gefe da ɗan yatsa, ya ce wannan ba zai iya cewa komai a kanta ba, don haka kada ta sha. Wata kuma ya ce ba laifi, amma a sake awon jini na INR, mai nuna saurin daskarewar jini, bayan mako guda. Gaskiya akwai likitocin da za su ɓata rai da jin zancen gargajiya, na haɗu da su. Ki daure ki faɗa duk da haka. Ɓoyewar ta fi ɓacin ransa tsada.

Babban haɗarin ma ba jiƙon ba ne, daina shan maganin asibiti ne. Mutum ya fara jin daɗin jikinsa, sai a ce ai ya warke. Masu bincike na jami'ar Yale sun duba wannan a kan masu ciwon daji a 2018: waɗanda suka bar maganin asibiti suka dogara da wani daban kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. Hawan jini kuwa ba ya sallama, yana iya kai wa 180 mutum na hira yana dariya.

In an yarda a gwada wani abu, a shigo da guda ɗaya tak, a riƙa rubuta awon jini da na sukari a littafi safe da yamma, don in wani abu ya canza a san mai laifi. In za a yi masa tiyata, a sanar da likita tun da wuri, galibi sukan ce a dakatar da kayan ganye mako biyu kafin ranar. Ki kuma lura da dasashi mai zubar jini, haɓo, baƙin bayan gida, ko ido ya yi rawaya. Ko ɗaya kika gani, a tsayar da jiƙon a wuce asibiti a ranar.

Batun barcin nan kuma kada a raina shi. Ki zauna da Baba ki tambaye shi abin da ke hana shi barci, ciwon ne, yawan fitsarin dare ne, ko tunani. Kowanne maganinsa daban, kuma in fitsarin ne, wataƙila sukarin ne bai daidaita ba ko lokacin shan maganin hawan jinin ne ke buƙatar likita ya canza.