Furotin Ya Yi Yawa a Jinina, Shin Sankara Ce? Likita Ya Amsa

Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 38. Na yi gwajin jini bayan na sha fama da zazzaɓi da gudawa, sai takardar ta nuna jimlar furotin 8.7, an ja mata layi. Na duba intanet na ga ana maganar sankarar jini. Kwana uku ke nan ban runtsa ba.

Wa alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. A yawancin ɗakunan gwaji jimlar furotin na lafiyayyen mutum tana tsakanin giram 6 zuwa 8.3 a kowace desilita, don haka taka ta ɗan haura ne kawai. Kuma lambar ta haɗa abu biyu: albumin, wanda hanta ke yi, da gulobulin, wanda a cikinsa makaman garkuwar jiki suke. Gudawa tana tsotse ruwan jiki, jini ya yi kauri, sai lambar ta hau ba tare da furotin ɗin ya ƙaru ba. Cututtukan da ke daɗewa a jiki ma, irin su tarin fuka, ciwon hanta da ƙanjamau, suna ɗaga gulobulin saboda garkuwar jiki na bakin daga. Ka sha ruwa sosai, ka murmure, ka sake gwajin bayan 'yan makonni. In har bai sauka ba, sai a yi maka gwajin da ke rarrabe furotin kashi-kashi, wanda ake rubutawa SPEP.

Likita, mahaifiyata mai shekara 64 aka ce an ga wani furotin na daban a jininta, giram 1.2. An rubuta MGUS, aka sallame mu ba ko ƙwayar magani, wai mu dawo bayan wata shida. Anya ba sakaci ba ne?

Baiwar Allah, ba sakaci ba ne, haka ƙa'idar take. A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da ake kira filasma, aikinsu ƙera makaman yaƙi da cuta, iri dubbai. Wani lokaci ƙwaya ɗaya takan yi ta hayayyafa, 'ya'yanta duka suna ƙera makami iri ɗaya tak, marar amfani. Shi ne ke fitowa a takardar gwaji kamar tsini guda a tsaye. Idan bai kai giram 3 ba, ƙwayoyin ba su kai kashi 10 cikin ɗari na ɓargo ba, kuma bai taɓa ƙashi ko ƙoda ko yawan jini ba, shi ake kira MGUS, sunan da likita Robert Kyle na Amurka ya raɗa masa a 1978.

Wannan ba sankara ba ce. Kusan mutum 3 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 50 suna da shi, ya kuma fi yawa a baƙar fata. A kowace shekara kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari nasa ke rikiɗewa ya zama sankarar ɓargo ko danginta. Mafi yawa suna ƙare rayuwarsu bai taɓa damunsu ba, shi ya sa ba a ɗora wa mutum magani mai ƙarfi a kansa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne mantuwa. Mutum ya ji lafiyarsa ƙalau, sai ya jefa takardar a akwati, shekaru su shuɗe. Don Allah ki riƙe ranar komawar Mama da kyau, ki adana kowane sakamako a wuri guda, domin yadda lambar ke tafiya daga gwaji zuwa gwaji ya fi lambar rana ɗaya faɗin gaskiya. Kada kuma a hana ta abinci mai gina jiki, wannan furotin ba daga abinci yake zuwa ba.

Ranka ya daɗe, Babanmu ɗan shekara 67 ya yi wata biyar da ciwon baya, yana ta shan diclofenac. Yanzu an ce jininsa ya yi ƙasa, ƙodarsa ta taɓu, furotin kuma ya kai 11. Suna so su ɗebi ɓargonsa, shi kuwa ya ƙi, yana tsoron shanyewar ƙafa.

Ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka ba, waɗannan alamu in suka haɗu dole a nemi sankarar ɓargo, wadda ake kira mayaloma. Abu huɗu muke dubawa: hauhawar kalsiyam a jini, rauni a ƙoda, ƙarancin jini, da zaizayewar ƙashi. Baba ya nuna biyu a fili, ciwon bayan kuma na iya zama na uku. Amma zato ba hukunci ba ne, ɓargon ne zai raba gardama.

Tun yau ya ajiye diclofenac, da ibuprofen da ire-irensu, suna ƙara wa ƙoda mai rauni nauyi. Likitansa ya sauya masa wani, ya kuma faɗa masa yawan ruwan da zai riƙa sha.

Ka zauna da shi cikin ladabi ka bayyana masa cewa daga bayan ƙashin ƙugu ake ɗiba, nesa da laka. Ana yin allurar kashe zafi a wurin, aikin ba ya cika wuce rabin awa, yawanci a ranar mutum yake komawa gida. Abin da ke shanye ƙafa shi ne ciwon in aka bar shi ya ci ƙashin baya har ya danne laka. Saboda haka in ƙafafunsa suka fara sanyi ko mutuwa, ko fitsari ya riƙa kufce masa, ko ya rikice da ƙishirwa mai tsanani, a garzaya asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Wani abu kuma: kada sakamakon fitsari na ɗan tsinken nan da ake tsomawa ya ruɗe ku. Albumin yake kamawa, yakan tsallake gutsattsarin furotin na mayaloma, waɗanda Henry Bence Jones ya bayyana a Ingila tun shekarun 1840. Su gwajinsu daban ne, na kappa da lambda, wato sunayen nau'o'in gutsattsarin guda biyu.

Likita, an tabbatar matata tana da mayaloma. Ana ɗaukarsa? Akwai magani?

Allah Ya ba ta lafiya, Malam. Ba a ɗaukarsa ta kowace hanya, ka kusance ta kamar kullum. Rabuwa da shi kwata-kwata yana da wuya, amma ana danne shi, mutane da yawa kuma suna yin shekaru suna harkokinsu. Tun fitowar magungunan bortezomib a 2003 da daratumumab a 2015 labarin ciwon ya sauya ƙwarai. Akan haɗa magunguna uku ko huɗu, masu ƙarfin jiki kuma a yi musu dashen ƙwayoyin ɓargonsu na kansu, tare da allurar ƙarfafa ƙashi. Garkuwar jikinta ta yi rauni yanzu, don haka duk zazzaɓin da ya kai digiri 38 a kai ta asibiti nan take. Ka riƙa raka ta wurin likitan jini da tambayoyinku a rubuce.