Tambayoyin Masu Karatu: Dattijon Ikilisiya Bawa Ne ko Shugaba?

TAMBAYA: Malam, wata uku ke nan da aka zaɓe ni dattijon ikilisiya. Kullum ana ce mana shugaba bawa ne. To yanzu ni ke ziyarar marasa lafiya, ni ke ƙirga baiko, har shara ni ne, kuma in na tsawata wa wani sai a ce girman kai ne. Haka Almasihu ya nufa?

AMSA: Dattijo, sannu da ɗawainiya, amma ba haka ba ne. Koma Yohanna 13. Yesu ya tashi daga wurin cin abinci, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da a wancan zamani bawa ake bar wa. Har Yahuza yana cikin waɗanda aka wanke wa, don sai a aya ta 30 ya fita. Duk da haka, a aya ta 13 Yesu ya tabbatar musu cewa kiran da suke masa Malam da Ubangiji daidai ne. Bai sauka daga shugabanci ba. Abin da ya hana a Markus 10:42-45, bayan Yakubu da Yohanna sun nemi zama a damansa da hagunsa cikin ɗaukakarsa, shi ne mulkin danniya.

Kuskurenka na farko tara aiki a hannu ɗaya. A Ayyukan Manzanni 6, da masu bi masu jin Helenanci, wato harshen Girka, suka koka cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni ba su ɗauki ludayin da kansu ba. Sun faɗi halin da ake nema, jama'a ta zaɓi mutum bakwai, su kuma suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. Lura da kyau, dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, irin su Istifanas da Filibus: ga alama an damƙa amanar ga ɓangaren da ya yi kuka. Kai ma rubuta ayyukan, ka riƙe biyu ko uku, sauran ka ba wasu tare da ikon yanke shawara. Wanda aka ba aiki aka hana shi iko, ɗan aike ne kawai, kuma ba ya daɗewa.

Baiko kuwa, daga wannan Lahadi kada ka sake ƙirga shi kai kaɗai. Mutum biyu da ba dangi ba su ƙirga, su sa hannu a littafi, na uku ya ajiye. Bulus ma bai yarda a kai gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima ba tare da wakilan da ikilisiyoyi suka zaɓa ba, don kada a sami abin zargi (2 Korintiyawa 8:18-21).

Tsawatarwa tana da matakai a Matiyu 18:15-17: ku biyu kaɗai tukuna, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sai ikilisiya. Yawancin zargin girman kai daga tsallake matakin farko yake fitowa, a kunyata mutum a bainar jama'a.

TAMBAYA: Malam, maigidana kusan duk abin da ya samu ikilisiya yake kai wa, yara kuwa an koro su daga makaranta. Ya ce sadaukarwa ce.

AMSA: 'Yar'uwa, sadaukarwa mutum da abin kansa yake yi, ba da haƙƙin wani ba. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsauta wa masu keɓe dukiya ga Allah don su guje wa taimakon iyaye, 1 Timoti 5:8 kuma ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya musunta bangaskiya. Ku zauna ku ware abin bayarwa da kuɗin makaranta tun ranar da kuɗi ya shigo. In ya ƙi, ki nemi fasto ko dattijo guda da yake jin nauyinsa su zauna da ku.