Tsatsa, tsatso da tushiya: amsoshin tambayoyinku kan mutuwar ƙwayoyin ɓargo

Wani ɗalibin koyon aikin likita daga Zariya ya ce: Malam, an ba mu aiki mu yi wa mutanen gari bayani da Hausa kan abinda Turawa ke kira oksidetif sitires da yadda yake kashe sitem sel, wato ƙwayoyin da ke haifar da sauran ƙwayoyin jiki, ni kuma na rubuta "damuwar ƙwayoyin halitta". Ya yi?

Bai yi ba ɗana. Damuwa ta mai zuciya ce, mai tunani, wanda zai kwanta barci ya ƙi zuwa. Kai dai ka buɗe ƙamus ka ga sitires an ce damuwa ko gajiya sai ka kwaso ka liƙa, kuma ba kai kaɗai ba ne, na sha jin irin wannan a gidajen rediyo har da masu cewa "gajiyar oksijin", wanda in ka faɗa wa tsohuwa a ƙauye za ta ɗauka iskar ce ta gaji. Fassara ba musayar kalma da kalma ba ce, sai ka san abin tukuna kafin ka raɗa masa suna.

Toh ga abin. Wani masani Bajamushe, Helmut Sies, shi ya yaɗa wannan laƙabi a 1985, kuma abinda yake nufi rinjaye ne, wato masu ɓarna sun fi ƙarfin masu tsaro a cikin ƙwaya. Ɓarnar kuwa Bahaushe ya daɗe da saninta, sunanta tsatsa. Ka bar fartanya a waje da damina, iskar oksijin da danshi su ci ƙarfen, ko ka fasa goro ka ajiye ka ga launinsa ya sauya, duk aikin oksijin ne. A cikin ƙwayar halitta akwai wasu 'yan ɗakuna da ake kira mitokondiriya, nan ake ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa a samu ƙarfi, to a wajen wannan ƙunar ba komai ke tafiya daidai ba, wasu ƙananan ɓurɓushi masu ɗauke da lantarki da ake kira ilaktoron kan zille su faɗa kan oksijin tun aikin bai kammala ba, sai a samu wani sinadari mai rashin haƙuri da ake kira sufa'oksaid. Shi kuma ya koma haidurojin feroksaid, e, wannan dai ruwan da ake zuba wa ciwo ya yi kumfa. In feroksaid ya haɗu da sinadarin ƙarfe sai ya haifi wanda ya fi su duka mugunta, haidoroksil, wanda duk abinda ya taɓa sai ya lalata shi nan take. Wannan haɗuwa ta ƙarfe da feroksaid tun 1894 wani Baturen Ingila mai suna Fenton ya bayyana ta. Abu uku suke ci: kitsen da aka gina tantanin ƙwaya da shi, furotin masu yi mata aiki, da kuma DNA, wato kundin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta.

Jiki bai zauna haka ba kariya. A 1969 McCord da Fridovich a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano enzayim ɗin (wato furotin mai gaggauta aikin sinadarai) da ke kwance wa sufa'oksaid ƙarfi, akwai kuma katales da gulutatayon. Kumfar da kake gani a kan ciwo ma aikin katales ne, yana mayar da feroksaid ruwa da oksijin. Kuma kaɗan daga cikin sinadaran nan jiki na bukatarsa, fararen ƙwayoyin jini da shi suke kashe ƙwayoyin cuta. Matsalar sai ya yi yawa. Don haka ni abinda zan ce ka rubuta shi ne "rinjayen tsatsa", ka kuma bayyana musu cewa ba jan tsatsa za a gani a jikin mutum ba, aikin ne iri ɗaya.

Wata daga Katsina: tsatsa mace ce ko namiji?

Mace. Tsatsa ta ci ƙarfe, ba "ya ci" ba.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Maraɗi ta ce ita "uwar ƙwayoyi" take ce wa sitem sel, abokin aikinta kuma "ƙwayar tsatso", wa ya fi daidai? Ta kuma rubuta cewa a cikin "bargo" suke.

'Yata, kafin in raba gardamar bari in fara da wannan bargon naki. Bargo shi ne na rufa lokacin hunturu. Wanda ke cikin ƙashi, wanda yara ke bubbuga ƙashin miya don su tsotse, ɓargo ne, da ɓ mai ƙugiya. Na san wayoyi da yawa ba sa kawo haruffan nan sai an nema, amma ai ana nema, kuma mutum zai ɓata lokaci ya nemo hoton dariya ya tura amma ƙugiya ɗaya ta gagare shi. A hira tsakanin abokai ba komai, mai karatu zai gane. Amma ke takardar wayar da kan marasa lafiya za ki rubuta, in kika ce za a yi wa yaro dashen bargo me kika ce kenan? Don Allah a kula.

Tsatso kuma kalma ce mai kyau, asalin zuriya, shi ya sa ake cewa wane daga tsatson wane ya fito. Sai dai a wannan fage tana dab da tsatsa, wasali ɗaya ne tsakaninsu, a baki za su riƙa rikita mai sauraro. Uwar ƙwayoyi ba laifi, amma ni tushiya na fi so. Bahaushe ya ce tushiya mafarin dawa, wasu su ce masomin dawa, ma'ana komai yawan abu daga gindi ɗaya ya taso. Ƙwayar tushiya idan ta rabu biyu tana iya barin ɗaya irinta sak ta ci gaba da zama tushe, ɗayar kuma ta tafi ta zama jar ƙwayar jini ko fara ko mai tsayar da zubar jini. Till da McCulloch ne a Toronto ta Kanada suka nuna haka da ɓeraye a 1961. Jar ƙwayar jini kwana wajen 120 take yi ta mutu, jiki kuma na ƙera wajen miliyan 2 a kowane sakan, kuma duk asalinsu waɗannan 'yan tsirarun ne na cikin ɓargo.

Abinda ke ba ni sha'awa a nan, kuma shi ya haɗa tambayarki da ta ɗalibin Zariya, shi ne yadda suke tsare kansu. Yawancin lokaci a kwance suke ba sa rabuwa, a cikin ɓargo inda oksijin ke da ƙaranci, kuma ba sa dogara sosai ga mitokondiriya, sun fi fasa sukari ta hanyar da ba ta bukatar oksijin duk da ribarta kaɗan ce. Duk don kada tsatsa ta taru. In ta taru kuwa sai ta tashe su, su shiga rabuwa ba hutu har su rasa ikon sabunta kansu, wasu su tsufa su tsaya cik, wasu su mutu. A 2004 masu bincike a Japan sun nuna cewa ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado (wato wani yanki na DNA) mai suna ATM ɓargonsu na gazawa saboda tarin sinadaran nan, da aka ba su maganin da ke rage su sai ƙwayoyin tushiyar suka farfaɗo. A 2007 a Boston aka ga kusan haka da ƙwayoyin gado na FoxO.

Wani malamin makaranta daga Kumasi: "wake ɗaya ke ɓata gari", garin mutane ko garin tuwo? Kuma daidai ne a ce ƙwaya ta "kashe kanta"?

Garin tuwo ne Malam, ja wasalin farko ka ji. Tambayarka ta biyu kuma karin maganar da ka kawo ita ce rabin amsarta. Ƙwayar tushiya ɗaya in DNA ɗinta ya lalace ta ci gaba da haihuwa, duk abinda ta haifa zai gaji lalacewar, ta nan sankarar jini kan soma. Shi ya sa aka yi mata mai gadi, furotin p53. In ɓarnar ƙarama ce ya tsayar da ita a gyara, in ta wuce gyara ya ba da umarni a huda mitokondiriya, wani furotin mai suna saitokurom si ya tsiyayo, shi kuma ya tada enzayim ɗin da ake kira kasfes su yayyanka ƙwayar daga ciki, ta ƙanƙance ta rarrabu ƙananan ƙunshi, maƙwabta su haɗiye ba tare da kumburi ba. Ban son "kashe kai" ko kaɗan, kalma ce mai nauyin zunubi da baƙin ciki a wurinmu, alhali wannan abu ne da ke tsare rai. Su kansu waɗanda suka raɗa masa suna afoftosis a Aberdeen a 1972, Kerr da Wyllie da Currie, kalmar Girkanci suka aro mai nufin zubar ganye daga itace. Muna da tamu, kaɗewa. Ƙwaya ta kaɗe. In kuwa tsatsar ta zo da ƙarfi lokaci guda ƙwayar ba ta samun wannan sukuni, kumbura take ta fashe ta jawo kumburi a wurin, wannan mutuwa ce kawai.

Wani daga Agadas: tantani ko ƙwaya?

Tantani fatar da ta lulluɓe, ƙwaya abin gaba ɗaya. Masu ce wa sel tantani sun kira gida da sunan danga.

Wata uwa daga Gusau mai yaro mai amosanin jini ta ce ta ji ana tallar "maganin sitem sel" a leda, mai tallar na cewa yana wanke tsatsar jiki, rigakafi ya fi magani.

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Karin maganar gaskiya ce amma an sa ta inda ba wurinta ba, kuma wannan na cikin abubuwan da ke ɓata min rai, a ɗauko maganar kakanni a yi wa talaka tarko da ita. Ƙwayar tushiya abu ne mai rai, ba a shanya ta a daka a zuba a leda, kuma abinda aka sha ciki zai narkar da shi, ba zai je ɓargo ya zauna ba. Dashen ɓargo na gaskiya aikin asibiti ne babba, sai an samu wanda jikinsu ya dace, an yi shi ga mai sikila a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin da ke Najeriya a 2011. Su kuma magungunan da ake cewa suna hana tsatsa ba kullum yawansu ke da amfani ba: a Finlan an yi gwaji da maza masu shan taba wajen 29,000, aka ba rabinsu sinadarin beta karotin, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna sankarar huhu ƙaruwa ta yi a cikin masu shansa. Inda tsatsa ta shafi yaronki da gaske shi ne ƙarin jini, wanda ake yawan yi wa ƙarfe na taruwa a jikinsa, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi da yawa, ga kuma abinda na faɗa a sama kan ƙarfe da feroksaid. Akwai gwajin da ke auna shi, akwai maganin da ke janye shi. Wannan za ki tambayi likitansa, kuma kada ki ba shi maganin ƙarin jini mai ƙarfe sai da izininsa.

Wani daga Jos ya ce shi dai oksijin ko iskar shaƙa?

Iskar shaƙa gauraye ce, oksijin kashi 21 ne kawai cikin ɗari nata. In sinadarin kake nufi ka ce oksijin.